Gane Iri da Shekarun Tsohuwar Jitar Gargajiya ta Sifaniya

Jitar gargajiya ta Sifaniya ita ce mai tsirkiya shida ta nailan, da faffaɗan wuya mai kusan milimita 52 a sama, da kai mai tsaga biyu inda ake naɗe tsirkiya. Siffarta ta yau ta samo asali ne daga aikin Antonio de Torres (1817–1892), wanda ya yi sana'arsa a Sevilla da Almería. Wanda ya gaji irinta yakan so sanin wa ya ƙera ta da kuma yaushe. Ba alama guda ce ke ba da amsa ba. Sai an haɗa takardar ciki da lamba da irin katako da awo, a ga ko sun yarda da juna.

Takardar ciki

Ana farawa da takardar da ke manne a bayan jita daga ciki, wadda ake gani ta ramin sauti. A sassauta tsirkiya, a haska da tocila, a ɗauki hoto, kada a ɓamɓare ta ko a jiƙa ta. Masu aikin hannu kan sa suna da gari da shekara, wani lokaci har da sa hannu. Masana'anta kuwa lambar samfuri suke sawa, sau da yawa ba shekara.

Sunan ƙasa kaɗai yana rage zato. Idan an rubuta Jamus ta Yamma, to tsakanin 1949 da 1990 ne. Idan Tarayyar Sobiyet ce, ba ta wuce 1991 ba. Yamaha mai ɗauke da sunan Nippon Gakki ta riga 1987, shekarar da kamfanin ya sauya suna.

Sai dai takarda tana ruɗi. Shagunan Madrid da dama, har da gidan José Ramírez da aka kafa a 1882, sun sayar da jitocin koyo da masana'antun Valencia suka ƙera da sunan shagon a ciki. Haka kuma takarda mai ambaton Torres ko Hauser, shahararren maƙerin jita na Jamus, sau da yawa tana nufin an bi fasalinsu ne kawai, ba hannunsu ya yi aikin ba.

Lambobi

Ana buga lambar jeri a kan takardar ko a kan guntun katakon da ke riƙe wuya daga ciki. A jitocin Yamaha da aka yi a Kaohsiung ta Taiwan daga 1971 zuwa 2001, lambar takan zo da harufan ƙirga takwas: na farko shi ne ƙarshen shekara, biyu na gaba wata, biyu na gaba rana. Matsalar ita ce tsarin yana maimaita kansa duk shekara goma, don haka lamba mai farawa da 4 tana iya zama 1974 ko 1984 ko 1994. Sai an duba shekarun da aka yi ana fitar da samfurin kafin a tsayar da ɗaya.

Wasu maƙeran Japan, kamar K. Yairi, sun yi amfani da shekarar sarauta. Zamanin Showa, wato sarautar Sarki Hirohito, ya fara a 1926, saboda haka ana ƙara 1925 a kan lambar: 50 tana nufin 1975. A wajen Masaru Kohno kuma lambar samfuri farashi ce: 10 tana nufin yen 100,000, 30 kuma yen 300,000. Da yake kuɗi ya yi ta rage daraja, lamba 10 ta ƙarshen shekarun 1960 ta fi lamba 10 ta bayan shekara goma inganci.

Katako da awo

A dubi gefen ramin sauti da kyau. Idan layukan itacen fuska, wato katakon gaban jita, sun zarce har cikin kaurin katakon, fuskar falle ɗaya ce. Idan ana ganin hawa uku kamar an jera takardu, manne-manne ce, kuma yawanci jitar ta masana'anta ce mai araha. Fuska mai haske yawanci itacen sifrus ce, mai ja-ja ko ruwan ƙasa kuma itacen sida, wanda José Ramírez na uku ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1960. Fuskar sida a jitar da aka ce ta 1930 ce abin tuhuma ne. A kula dai, tsohon sifrus ma yana yin duhu.

Tsawon tsirkiya ana samunsa ne ta auna daga ƙashin saman wuya zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a kan wuya, a ninka biyu. Milimita 325 tana ba da 650, wanda shi ne aka saba. Manyan jitocin Ramírez na shekarun 1960 sun kai 664. Ƙaramin madubi da aka zura ciki yana nuna sandunan da ke tallafe fuska, kuma wasu maƙera a nan suke rubuta suna da kwanan wata da fensir. Makullan murɗa tsirkiya ba shaida ba ne mai ƙarfi, domin ana yawan sauya su. Tsofaffin ramukan sukurori a gefen kai ne ke nuna an yi hakan.

Abin da ke ɓata shaida

Goge jita da sinadari mai barasa yana narkar da fentin shelak na aikin hannu, sake fenti kuma yana karya darajarta. Tsirkiyar ƙarfe irin ta sauran jitoci tana da ja fiye da ƙarfin wannan jita, takan ɗaga katakon da ake ɗaure tsirkiya ta kuma lanƙwasa wuya. Bushewar hunturu tana tsaga fuska, shi ya sa ake ajiye ta a akwatinta da ɗan abin danshi, a laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari.

Tabbatar da shekara yana da amfani a shari'ance ma. Itacen roswud na Burazil ya shiga sahun farko na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, a 1992, kuma ba a fitar da jitar da aka yi da shi zuwa wata ƙasa don sayarwa sai da takardar izini mai nuna itacen ya riga wannan shekara.