Targaɗen Idon Sawu Ba Ja Yake So Ba

A ƙauyukanmu na Jigawa, da yaro ya yi targaɗe a filin wasa sai a ce a ja masa ƙafar, wai ƙashi ne ya goce. Galibi jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ne suka yage, ja kuwa ƙara ɓarna yake.

Wannan raunin ne ya fi addabar 'yan ƙwallon kwando na NBA a Amurka, musamman in mutum ya diro kan ƙafar wani. Shahararren ɗan wasan NBA Stephen Curry ma sai da aka yi masa tiyata a idon sawu a 2011 da 2012.

In an yi targaɗe, a huta, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafar. In ba ta takuwa, sai asibiti. Atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya yana rage maimaituwar targaɗen.