Ƙaura da Iyaka a Ƙasar Kabi a Zamanin Mulkin Mallaka

Ƙasar Kabi, wadda mafi yawanta ke cikin Jihar Kebbi ta yau, na daga cikin wuraren da iyakar Ingila da Faransa ta ratsa tsakiyar jama'a ɗaya. Kabawan Argungu da Zabarmawan Dosso da Arawa da Dandawa abokan yaƙi ne tun lokacin da Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849, ga auratayya, ga cinikin gishiri.

Yarjejeniyar 1898 ta shata iyaka zagaye da Sakkwato, tazarar mil 100. Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka gyara layin a 1904 da 1906, aka kuma kakkafa alamu a ƙasa daga 1906 zuwa 1908. Dosso da Dogon Dutse da gishirin Foga suka faɗa hannun Faransa. Argungu da Kamba da Illo suka zauna wajen Ingila. Ba wanda ya tambayi masu gonakin.

Ingilishi ba su tsare wannan iyaka da fasfo ba, ba su ma da ma'aikatan da za su yi hakan. Da sarauta suka tsare ta. Razdan na Lardin Sakkwato ya umarci Di'o, Di'o ya yi magana da Sarkin Kabi ko Sarkin Gwandu, daga nan magana ta gangaro kan hakimi da dagaci. Baƙo in ya iso da iyalinsa da jakinsa, wurin mai gari zai fara faɗuwa, a yanka masa fili ya share, baɗi sunansa ya shiga takardar haraji. Bafulatani kuwa shanunsa ake ƙirgawa don jangali. Shigarsa ƙasa ke nan.

Shi ya sa En'e, wato hukumar sarakuna, ba ta ƙin baƙi: kowane magidanci ƙarin kuɗi ne ga baitulmali. Mutane kuwa sun yi ta kwararowa, suna gudun aikin tilas da ɗibar soja na Faransawa, musamman a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai kuma yunwar 1931 da ta addabi ƙasar Zabarma. Faransawa sun sha kai ƙara a mayar musu da mutanensu, amma wanda ya riga ya gina rumbu, da wuya a tashe shi. Sai a 1946 Faransa ta soke aikin tilas. Ban da masu zama dindindin, akwai 'yan cin rani da kan wuce kudu bayan kaka, su koma gida da faɗuwar damina.

Inda Ingilishi da Faransawa suka haɗa baki shi ne kan wanda suke tsoro. Bayan da Faransawa suka murƙushe boren Kobkitanda a ƙasar Dosso, malamin nan makaho da aka fi sani da Ɗan Makaho ya tsallako zuwa Satiru, kusa da Sakkwato, inda aka kashe Turawa uku a Fabrairun 1906. An ƙone garin ƙurmus da kisa mai muni, aka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya karkata ga masu boren, alhali Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya karɓi Ingilishi tun farko, ya riƙe gadonsa har rasuwarsa a 1915. Daga nan sarakunan bakin iyaka suka gane cewa sa ido kan baƙin malamai da matafiya na cikin sharuɗɗan zamansu a karaga.