Noma da kiwo mai ɗorewa a filayen sitef

Sitef shi ne shimfiɗaɗɗen filin ciyawa marar itatuwa da ya miƙe daga Hangari da Yukren, ya ratsa kudancin Rasha da Kazakistan, har Mongoliya da arewacin Sin, tsawon kusan kilomita 8,000. Ruwan sama a can kaɗan ne, galibi tsakanin milimita 250 zuwa 500 a shekara, ga zafi da rani, ga sanyi mai tsanani da hunturu. Noma da kiwo mai ɗorewa a wannan yanki na nufin cin moriyar ƙasar ba tare da an kashe ciyawar da ke riƙe da ita ba.

Ƙarfin sitef a ƙarƙashin ƙasa yake. Mafi yawan jikin ciyawarsa saiwa ce, kuma ruɓewar saiwoyin nan cikin dubban shekaru ita ta haifar da baƙar ƙasar da ake kira carnozem, wadda ba ta da na biyu wajen noman alkama. Wannan albarkar ce ta jawo masa garma. A 1954 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin Nikita Khrushchev ta fara fasa sabbin gonaki a arewacin Kazakistan da yammacin Sibiriya, aka kife miliyoyin hekta cikin 'yan shekaru. Da farko rumbuna sun cika. Kafin tsakiyar shekarun 1960 iska ta soma kwashe saman ƙasar, kamar yadda ya faru a filayen Amurka a shekarun 1930.

Maganin da ya fi tasiri ya fito ne daga cibiyar bincike ta Shortandy da ke arewacin Kazakistan, inda Aleksandr Barayev ya jagoranci aiki. Maimakon garmar da ke juya ƙasa, aka koma ga wadda ke yankan ta daga ƙasa, ta bar tushen karan alkama a tsaye. Tushen nan yana tare iska, yana kuma kama dusar ƙanƙara, wadda ke narkewa ta jiƙa gona kafin shuka. Yau manoma da yawa a yankin suna shuka ba tare da huɗa ba sam, suna sauya alkama da wake ko ciyawar dabbobi.

Sha'anin kiwo ya fi wuyar warwarewa. Ciyawar sitef ta saba da baki da kofato: a ci a wuce, ta huta ta sake tohowa. Shi ya sa makiyayin Mongoliya ke sauya zango sau da dama a shekara, ya fake a gindin dutse da hunturu, ya sauko bakin ruwa da rani, in kuma wuri ya ƙone ya yi doguwar ƙaurar da suke kira otor. Da aka rushe ƙungiyoyin kiwo na gwamnati a farkon shekarun 1990, dabbobin ƙasar suka tashi daga kimanin miliyan 25 zuwa kusan miliyan 70 a 2019, awaki suka yi yawa saboda kasuwar gashin kashmir. Dabba mai yawa a fili ɗaya ba ta tara kitse, kuma ramammiyar dabba ba ta tsallake zud, wato mugun hunturun da ƙanƙara ke rufe ciyawa. Na 2009 zuwa 2010 ya hallaka miliyoyin dabbobi, ya kori iyalai da dama zuwa gefen Ulanbato, babban birnin Mongoliya.

Daga nan ne aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da filayen kiwo, inda maƙwabta ke yarda da wurin da za a hutar da lokacin shigarsa, a gyara rijiyoyin nesa, a tanadi busasshiyar ciyawa. Akwai kuma inshorar dabbobi da ke biya bisa yawan asarar gunduma gaba ɗaya. Rage garke dai magana ce mai ɗaci ga wanda garken ne bankinsa, sai idan gashi da nama masu inganci sun fi kawo kuɗi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne rashin kiwo ma cuta ne. Bayan rushewar Sobiyet a 1991, dabbobin Kazakistan suka ragu ƙwarai, sauran suka taru a kewayen ƙauyuka suka cinye ciyawar wurin ƙaf, filayen nesa kuwa busasshiyar ciyawa ta taru a cikinsu gobara ta yawaita. Dokar filayen kiwo ta 2017 ta ɗora wa ƙananan hukumomi tsara yadda za a riƙa juya kiwo. A waɗannan filayen ne barewar saiga ke yawo. Cuta ta kashe kimanin 200,000 a 2015, amma da aka tsananta yaƙi da farautar sata, yawanta ya haura miliyan ɗaya a 2022, har manoma suka fara kukan tana shigar musu gona.