Bishiyar da ake sassaƙawa a dutsen kabari: daga ina ta fito, me take nufi?

Wanda ya saba da maƙabartunmu, inda kabari tudun ƙasa ne sai ɗan allon ƙarfe mai suna da ranar rasuwa, zai sha mamaki in ya shiga tsohuwar maƙabarta a Boston ko Warsaw ko Istanbul. Can duwatsu ne a tsaye reras, kuma a fuskar da yawansu an sassaƙa bishiya: wata rassanta sun sunkuya, wata an karye ta a tsakiya, wata kuma ta miƙe sak.

Wace bishiya aka fi gani a tsofaffin kaburburan Amurka?

Itacen wilo ne, mai dogayen rassa sirara da ke zubowa ƙasa har su kusa taɓa ruwa, don ya fi son bakin rafi. A arewa maso gabashin Amurka, yankin da ake kira Sabuwar Ingila, shi aka fi gani a duwatsun kabari na farkon shekarun 1800. Masassaƙi kan zana shi a saman dutsen, ya karkato da rassan gefe guda su lulluɓe wani ɗan tulu mai murfi da ke zaune a kan dakali. Ma'anar ba ta ɓuya: sunkuyar da kai ce da zubar hawaye. Akwai kuma ta biyu. In ka sari reshen wilo ka soke shi a ƙasa mai laima, zai yi saiwa ya tsiro, shi ya sa Kiristoci suka ga alamar tashin matattu a jikinsa.

Da can ma haka suke yi?

A'a. Kakanninsu, 'yan ɗariƙar Furitan masu tsananin riƙo da addini da suka zo daga Ingila a shekarun 1600, ƙoƙon kan mutum suke sassaƙawa, haƙora a waje, idanu rami, da fukafukai a gefe biyu. Saƙon na mai wucewa ne: kai ma nan za ka zo. Wajen tsakiyar shekarun 1700 ƙoƙon kan ya fara rikiɗa zuwa fuskar mala'ika mai kumatu, sannan a ƙarshen ƙarnin wilo da tulu suka ture su duka.

Wasu masana kayan tarihi biyu, James Deetz da Edwin Dethlefsen, su suka bi maƙabartun gabashin jihar Massachusetts suna lissafa zanen kowane dutse da shekararsa, suka buga sakamakon a 1966. Sun ga cewa sabon salo kan fara a birni, wajen Boston da Cambridge, kafin ya isa ƙauyuka. Abin da ya fi jan hankalina a aikinsu shi ne rubutun ma ya sauya tare da zanen. Tsofaffin duwatsu na cewa a nan wane yake kwance. Na zamanin wilo kuwa cewa suke an kafa wannan don tunawa da wane. Hankali ya tashi daga gawa da hisabi, ya koma kan kewar waɗanda aka bari.

To me ya haɗa su da tulu, alhali binne gawa suke yi?

Tulun fanko ne, kwaikwayo ne kawai. Tsofaffin Rumawa kan ƙona gawa su zuba tokar a irinsa. Da aka fara tono biranen Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748 a ƙasar Italiya, waɗanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne, sai Turai ta rikice da sha'awar duk wani abu na Rum da Girka, daga gini har kujeru. Amurka, sabuwar jamhuriya mai son kamanta kanta da Rum, ta rungumi salon. Mutuwar George Washington, shugaban Amurka na farko, a 1799 ta ƙara masa gudu: 'yan mata a makarantu suka dinga ɗinka hotunan makoki da zaren siliki, mace ta jingina da kabari, tulu a sama, wilo a baya. Bayan haka aka binne Napoleon, tsohon sarkin Faransa, a tsibirin Saint Helena a 1821 a gindin itatuwan wilo, matafiya suka riƙa yankar rassan suna kai wa ƙasashensu su dasa.

Asalin itacen kuwa ƙasar Sin ne. Turawa sun daɗe suna zaton shi ne wanda Zabura ta 137 ta ambata, inda Bani Isra'ila da aka kwasa bauta suka zauna a bakin kogunan Babila suna kuka, suka rataye garayunsu a kan itatuwa. Wannan zato ya taimaka wajen shigar da shi maƙabarta.

Akwai duwatsun da su kansu kamar kututture suke. Su fa?

Waɗannan sun zo daga baya, sun yi tashe daga wajen 1880 zuwa shekarun 1920. Ana sassaƙa dutsen gaba ɗaya ya zama guntun itace a tsaye, da ɓawonsa da tsagoginsa da wuraren da aka datse rassa, har wani lokaci da ganye mai yaɗo yana hawa jikinsa. Da yawa an yi su da farin dutsen jihar Indiana, wanda ke da taushi a hannun masassaƙi. Ana ɓare ɓawon a gefe ɗaya, a rubuta suna a wurin.

Da yawansu na 'yan wata ƙungiyar taimakon juna ne mai suna Woodmen of the World, wadda Joseph Cullen Root ya kafa a birnin Omaha na Amurka a 1890. Inshorar rai take sayarwa, kuma ta ɗauki alkawarin kada ɗanta ya kwanta a kabarin da ba alama. Za ka gane nasu da tambarin ƙungiyar, da gatari da guduma, wani lokaci da kurciya. A shekarun 1920 ta daina kafa duwatsun saboda tsada. Amma ba kowane kututture ne nasu ba, don mutane kan saya a kasuwa su ma.

Karyayyar bishiya kuma?

Rai ne da aka katse da wuri. An fi ganinta a maƙabartun Yahudawan gabashin Turai, irin ta titin Okopowa a Warsaw, babban birnin Poland, da aka buɗe a 1806: gindi a tsaye, sama ta karye ta faɗo. A kabarin mace kuwa sau da yawa karyayyen kyandir ake yi.

Musulmi ma sun yi irin wannan?

Turkawan Daular Usmaniyya sun yi, kuma nasu ya fi kowanne kyau a idona. A maƙabartar Karacaahmet da ke Uskudar, ko wadda ke kewaye da kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, duk a Istanbul, kabari kan samu duwatsu biyu. Na wajen kai yana ɗauke da rubutu, yakan buɗe da "Huwal Baƙi" ya rufe da roƙon Fatiha, a samansa kuma rawani in namiji ne, furanni in mace ce. Na wajen ƙafa shi ake yi wa bishiya, galibi wadda suke kira servi: doguwa, siririya, mai tsini, ganyenta kore rani da damina. Sun kamanta miƙewarta da harafin alif, suka ɗauke ta alamar tauhidi da dawwama. Ita dai suke dasawa a maƙabartun, kuma Girkawa da Rumawa sun riga su danganta ta da makoki. Ana kuma samun dabino da 'ya'yansa a rataye.

Mai karatu zai tuna hadisin Ibn Abbas a Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya wuce kaburbura biyu da ake wa masu su azaba, ya tsaga ɗanyen reshen dabino gida biyu ya kafa a kowanne, da fatan a sassauta musu muddin bai bushe ba. Wannan ɗanyen reshe ne, ba zane ba. Game da ƙawata kabari, hadisin Jabir a Muslim ya hana shafe shi da farar ƙasa da yin gini a kansa, kodayake sa dutse don gane wuri ya tabbata a kabarin Usman bin Maz'un. Abin da Turkawa suka yi al'adar ƙasarsu ce da fasaharsu, kuma malamai da dama ba su yarda da ita ba.

Za a iya dogara da jerin ma'anonin da ke yawo a intanet?

Da taka-tsantsan. Za a ce maka yawan rassan da aka datse shi ne yawan 'ya'yan mamaci, ko gajeren kututture yaro ne. Wani lokaci haka ne, musamman in an rubuta suna a kan kowane reshe. Amma masassaƙa kan yi duwatsu da yawa iri ɗaya su ajiye, iyali su zo su zaɓi wanda kuɗinsu ya kai, kuma a farkon shekarun 1900 har ta kundin tallan kamfanin Sears ana odar dutsen kabari a aiko shi ta jirgin ƙasa. Kafin ka fassara bishiyar, karanta shekarar, ka duba addinin mamacin, sannan ka dubi duwatsun da ke kusa. In goma a jere duk wilo ɗaya ne da tulu ɗaya, yayin zamanin kake gani da hannun masassaƙin garin.