Bayan saki: yadda doka ta tsara ganin yaro ga wanda ba ya hannunsa

A Nijar babu kundin dokar iyali guda ɗaya. Dokar tsarin kotuna ta 2018, wadda ta gaji ta 2004, ta ce a maganar aure da saki kotu tana bin al'adar masu shari'ar, muddin ba ta saɓa wa doka ko yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba. Shi ya sa a jastis, wato kotu, ta Damagaram alƙali yake zama da masana al'ada a gefensa.

Abin da aka saba shi ne yaro ya zauna wurin uwa har shekara 7, sannan uba ya karɓa. A mazhabar Malikiyya kuwa riƙon uwa ya wuce haka: namiji sai ya balaga, mace sai ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri bare, riƙon yakan koma ga kaka ta wajen uwa. Alƙali dai maslahar yaron yake dubawa.

Ko a hannun wa yake, ɗayan yana da haƙƙin ganinsa. Sashe na 9 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya mai da wannan haƙƙin yaron ne shi kansa.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne sulhun baka. A zauna a zaure gaban mai unguwa ko a fadar Sarki, a ce "duk lokacin da kake so ka zo", a yi fatiha a watse. Ranar da uwar ta yi sabon aure, tsohon miji ba zai iya sallama a ƙofar wani ba, shi ke nan zumunci ya yanke. Don haka a nemi takardar sulhu a rubuce, a kai jastis a tabbatar da ita. A faɗi ranar ziyara da lokacinta, da wanda zai ɗauko yaron ya mayar, da inda zai yi Sallah ƙarama da babba, da rabon dogon hutun makaranta. Gidan kaka ko na gwaggo ya fi dacewa da miƙa yaro.

Ci da sha, sutura, magani da karatu suna kan uba. A yanke adadin a wata, ya riƙa aikawa ta hanyar da ke ba da takarda, ya adana. Amma kada a mai da yaro jingina, a hana ganinsa don kuɗi sun makara. Wanda aka tauye ya koma wurin alƙalin da hukuncin a hannu, domin ƙin miƙa yaro bayan kotu ta yanke laifi ne a dokar hukunta laifuka.