Waiwaye: 'Yan fashin teku 52 da aka rataye a Cape Coast

Maganar 'yan fashin teku ta ƙi barin majalisun shayi na Nima da Mamobi. A watan Maris na 2025 aka hau wani jirgin kamun kifi mai rajistar Ghana, aka tafi da 'yan China uku. A 2018 ma haka aka yi wa 'yan Koriya ta Kudu uku. Mu mutanen zango ba 'yan ruwa ba ne, kakanninmu ta tudu suka zo da kanwa da shanu, suka koma da goro. Amma yaranmu na dako a tashar Tema, kuma kifin da ke tukunyarmu daga wannan ruwan yake fitowa. Wasu a majalisa na cewa daga Somaliya aka koyo abin. Wasu sun ɗora wa man fetur da aka fara haƙowa a rijiyoyin Jubilee a ƙarshen 2010. Duk ɓangarorin biyu sun ɗauka baƙon abu ne ya faɗo mana.

Ban ga laifinsu ba, domin haka littattafan suka koya mana. Duk wanda ya tsuguna wajen masu baza tsofaffin littattafai a gefen titin Tudu ko Makola ya ɗauki na tarihin fashin teku, kusan hanya ɗaya zai ga an bi. Za a fara da Julius Kaisar da aka yi garkuwa da shi yana saurayi, a zo kan 'yan fashin gaɓar Aljeriya da Tunis, sai a tare a tsibiran Karebiyan, wajen Blackbeard da aka kashe a 1718. Daga nan sai baƙar tuta da dukiyar da aka binne a yashi, yawancinsu ƙawar da littafin labari Treasure Island na 1883 ya dasa a kan mutane. Sai a yi tsalle guda a dira a Somaliya ta 2008. Afirka ta Yamma takan samu shafi biyu ko uku a tsakani.

A cikin waɗannan shafuka biyun labarin yake.

Da yaƙin Turai kan gadon sarautar Spain ya ƙare a 1713, aka sallami dubban ma'aikatan jiragen yaƙi. Albashi ya faɗi. Aikin da ya fi samuwa shi ne na jiragen bayi, wanda kowane matuƙi ke gudu saboda bulala da yunwa da zazzaɓin gaɓarmu. A 1718 aka kori 'yan fashi daga maɓoyarsu ta Nassau a tsibiran Bahamas, da yawansu suka ƙetaro nan, inda zinariya take, jirage kuma ke kwana a bakin ruwa wata da watanni suna jiran kaya.

A Anomabo, garin da kowa ke wucewa a hanyar Cape Coast, 'yan fashi suka kama jirgin bayi mai suna Princess a 1719. Cikin waɗanda suka tilasta wa binsu har da wani mataimakin kyaftin, Bartholomew Roberts, mutumin Wales. Bayan mako shida ko makamancin haka aka kashe shugabansu a tsibirin Principe, suka zaɓi Roberts. Cikin shekara uku ya kama jirage wajen 400, abin da Blackbeard da duk shaharar tasa bai kusanto ba. Littafin da kusan duk marubutan baya suka sha ruwa a rijiyarsa, A General History of the Pyrates na 1724, wanda ya fito da sunan Kyaftin Charles Johnson, ya sa wa Roberts magana a baki, wai aikin halal a jirgi ba komai cikinsa sai ƙarancin abinci da ƙaramin albashi da wahala. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, dokokin jirginsa sun nuna abin da ke jan mutane: kowa na da ƙuri'a, ganima rabawa ake yi, wanda ya rasa hannu ko ƙafa ana biyansa diyya. Shi ya sa idan ya tare jirgin bayi, sau da yawa ma'aikatan da kansu suke tsallakowa.

Kada wani ya ɗauka ɗan gwagwarmaya ne. A Janairun 1722 ya shiga Wida, a Benin ta yau, ya tarar da jirage 11. Suka biya fansa da garin zinariya, ban da ɗaya mai suna Porcupine. Mutanensa suka cinna masa wuta da bayi kusan 80 a ɗaure da sarƙa a ciki. Wanda ya tsira daga wuta ya faɗa ruwa, kifayen shak suna jira.

Wata ɗaya bayan haka jirgin yaƙin Ingila, Swallow, ya cim masa a Cape Lopez, gaɓar Gabon. Harbin igwa ya same shi a maƙogwaro, ya mutu. Aka kwaso mutanensa fiye da 250 zuwa katafaren gidan bayi na Turawan Ingila a Cape Coast. Nan aka zauna shari'a daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ɗaya daga cikin mafiya girma da aka taɓa yi wa 'yan fashin teku. An rataye 52 a bakin ƙofar gidan, an sallami 74, an tura 17 kurkuku a Landan, 20 kuma aka yanke musu aikin bauta a nan gaɓar. Wasu gawarwakin aka rataye su da sarƙa a kan tuddai, domin duk jirgin da ya shigo ya gani.

Akwai kuma baƙaƙen fata fiye da 60 da aka kama a jiragen Roberts. Su ba a kai su gaban alƙali ba. Sayar da su aka yi. Littattafan sun jera sunayen Turawan da aka rataye da shekarunsu da garuruwansu, su kuwa waɗannan adadi kawai aka ba su. Na ziyarci gidan nan fiye da sau ɗaya, an kai mu ɗakunan ƙasa da Ƙofar Ba Dawowa, kuma daidai ne a kai mu. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, a sama ana shari'ar masu satar jirgi, a ƙasa an kulle mutanen da aka sato daga gidajensu, kuma cikin biyun ɗaya kaɗai doka ta kira laifi.

Masanin tarihi Marcus Rediker, a littafinsa Villains of All Nations na 2004, ya nuna cewa cinikin bayi ya ja baya a shekarun da 'yan fashi ke yawo a gaɓar nan, ya kuma yi tashin gwauron zabo da aka murƙushe su. Wato an share ruwan ne domin kaya su wuce. Halin ma'aikacin jirgi da ya haifi fashin, ba wanda ya taɓa shi. Kafin 1730 wannan zamanin fashi ya mutu, kuma a gaɓarmu aka karya shi, kilomita 150 kacal daga Akra.

Saura kuwa an sani. Da mai ya zama zinariyar Mashigin Gini, aka koma tare tankoki ana zuƙe su. A 2013 ƙasashen yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaron teku a Yaounde. A Janairun 2015 sojojin ruwan Ghana suka ƙwato tankar MT Mariam, suka kama mutum takwas. Da farashin mai ya karye, sai aka bar kaya aka koma ɗaukar mutane: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a Mashigin Gini ne. Adadin ya ragu ƙwarai daga baya, bayan an ƙara sintiri. Kifi dai bai ƙaru ba, masunta a Chorkor da Jamestown na ƙara nisa cikin ruwa suna dawowa da rabin kwando, samari masu sanin teku kamar tafin hannunsu na zaune a bakin yashi.

A 1984 aka gano tarkacen Whydah a gaɓar Amurka, jirgin bayi da 'yan fashi suka ƙwace ya nutse da su a 1717. Sunan Wida ya ci. Cikin abin da aka tsamo daga yashi har da kayan adon zinariya na Akan, an kakkarya wasu, da alama don a ji daɗin rabo.