Sashe na 29 na Dokar Sauyin Yanayi: ba haraji aka ɗora wa fadama ba

Tun da maganar cinikin kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya, da harajinsa ta fara yawo, ana ta cakuɗa ta da wani ɗan sashe na Dokar Sauyin Yanayi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021. Masu fargaba na cewa gwamnati za ta yanka wa kowace fadama da kowane daji farashi don ta bi manomi da masunci da haraji, in sun kasa biya ta karɓe wurin. Wasu kuma sun ji kalmar akawunt a cikin maganar, sun ɗauka asusu aka buɗe da za a raba kuɗinsa. Babu ko ɗaya daga cikin biyun a sashen.

Sashe na 29 gajere ne. Ya ce Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa ta haɗa kai da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta ba ta kayan aiki, don a samar da kundin lissafin dukiyar da Allah ya hore wa ƙasa: ruwa, dazuzzuka, fadamu, ƙasar noma da sauransu. Ya ce a miƙa alƙaluman ga ma'aikatu da hukumomi su yi aiki da su wajen tsara manufofi, a kuma saka su cikin shirin raya ƙasa. Waɗanda aka ɗora wa nauyi ma'aikatun gwamnati ne. Ba a ambaci manomi ba, ba a ambaci makiyayi ba, ba a kuma ce kowa ya je ya yi rajistar gonarsa ba. Akawunt ɗin da ake nufi littafin lissafi ne irin wanda ɗan kasuwa ke rubuta jarinsa a ciki, don ya gane ko riba yake ci ko uwar kuɗi.

Dalilin da ya sa ake bukatar littafin shi ne yadda gwamnati ta saba auna aiki. In an kawo shawarar gina madatsar ruwa, ana rubuta kuɗin gini a gefe guda, a rubuta tan-tan na shinkafa da alkama da za a noma a ɗaya gefen. Abin da kogin yake yi wa mutane kafin a tare shi ba ya shiga takardar, tun da babu rasiɗi. Kifin da aka kama aka ci a gida, ciyawar rani da shanu ke kiwo, ruwan da ambaliya ke tsotsawa cikin ƙasa har rijiyoyi su cika, itacen girki, kaba da goruba, duk ana barin gurbinsu ba a rubuta komai ba, wanda a lissafi daidai yake da sifili.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Dausayin Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi, yana cikin wuraren da masana a duniya ke kafa hujja da su a wannan fanni. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, aka karkatar da ruwa zuwa manyan ayyukan noman rani na Kano da kwarin Haɗejiya. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zauna suka lissafa abin da dausayin ke bayarwa ta hanya uku kawai: noma, kamun kifi da itace. Suka raba ribar a kan yawan ruwan da ake bukata. Kowace lita miliyan ɗaya da aka bari ta malala dausayi tana kawo ribar da ta kai kusan dala 10 zuwa 14 da rabi, ita kuwa wadda aka kai aikin noman rani na Kogin Kano ribarta ba ta kai santi 5 ba, a farashin 1989 zuwa 1990. Wani nazarin da ya biyo baya a 1998 ya nuna cewa in aka aiwatar da ayyukan da aka tsara a saman kogin, ribar noman ranin ba za ta maye fiye da kashi 17 cikin ɗari na asarar mutanen ƙasan kogi ba. Kuma wannan lissafi bai haɗa da kiwo da cikar rijiyoyi ba. Ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa daga baya, bayan sakin ruwan dam ya sauya yanayin cika da janyewar kogin, ita ma ba ta cikin takardun da aka amince da ayyukan a kansu.

Yadda ake haɗa kundin yana da tsari, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ma'auninsa a watan Maris na 2021. Ana fara auna faɗin wurin da hekta ta hotunan tauraron ɗan'adam, shekara bayan shekara. Sai a duba lafiyarsa: zurfin ruwan ƙasa, yawan bishiyoyi, irin kifin da ya rage. Sai a ƙirga amfanin da yake fitarwa da ma'aunin kowane abu, kifi da kilo, hatsi da buhu, ruwa da lita. Kuɗi shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba kowane abu ake iya mayarwa kuɗi ba. Abin da ake sayarwa a kasuwa ana ɗaukar farashinsa a cire kuɗin iri da taki da ƙwadago da koma. Wanda ba a sayarwa, kamar cikar rijiya, ana tambayar nawa za a kashe in ya ɓace: ƙarin zurfin rijiyar burtsatse, man injin ban-ruwa, ko raguwar amfanin albasa da tumatir in ruwan ƙasa ya sauka da mita ɗaya. Adadin da aka samu ba farashin sayarwa ba ne. Ƙiyasin asarar da za a tafka ne in aka lalata wurin.

Wuraren da lissafin ke karkacewa sanannu ne. In aka yi binciken a shekarar fari, dausayi zai fito kamar ba ya tsinana komai, don haka ake bukatar alƙaluman shekaru da yawa. In aka zo ƙirga da damina, ba za a ga makiyayin da ke saukowa da rani ba, haka matan da ke yankan kaba suna saƙa tabarma galibi ba a tambayarsu. Akwai kuma ƙirga abu sau biyu, a lissafa ruwan sannan a lissafa shinkafar da ruwan ya fitar. Amma inda aka fi yin wasa da hankali shi ne wajen rage darajar amfanin gaba. Masana kan ce naira ɗari ta shekara talatin masu zuwa ba daidai take da ta yau ba, sai su zaftare ta da wani kaso kowace shekara. In aka ɗauki kashi 8 cikin ɗari, za ta koma kusan naira 10. In aka ɗauki kashi 12, ba ta fi naira 3 da 'yan kwabbai ba. Fadama kuwa amfaninta a hankali yake zuwa, shekara da shekaru, don haka wanda ya zaɓi kason ya riga ya yanke rabin hukuncin. Duk mai karanta irin wannan rahoto, wannan adadin ya kamata ya fara nema.

Sai batun hukunci, inda jita-jitar ta fi ƙarfi. Sashe na 29 bai ƙunshi tara ko ɗauri ba. Tarar da ake ambato tana Sashe na 24, wanda ya shafi kamfanoni masu zaman kansu da ke da ma'aikata 50 ko fiye: su rage hayaƙin da suke fitarwa gwargwadon abin da aka tsara, su naɗa jami'in da zai riƙa kai rahoto, in sun gaza a ci tararsu. Sashe na 34 ne ke da faɗi, domin ya ce duk mutum ko hukumar da ta yi abin da ke kawo cikas ga ƙoƙarin rage illar sauyin yanayi ta aikata laifi, ya kuma bar wa Majalisar Sauyin Yanayi ta ƙayyade hukuncin. Wannan abin dubawa ne, gaskiya. Doka ta faɗi laifi da baki mai faɗi haka ba tare da rubuta iyakar hukuncinsa ba, ƙofa ce da bai kamata a bari a buɗe ba. Sai dai babu inda sashen ya danganta laifin da darajar da aka rubuta wa gonar wani. Harajin kabon ma dokar cewa ta yi Majalisar ta tsara shi tare da hukumar tara haraji ta tarayya, kuma a kan hayaƙi ake maganarsa.

Abin da ya fi cancanta a yi ƙorafi a kai shi ne akasin abin da ake tsoro. Sashe na 29 bai sa wa'adin gama kundin ba, bai kuma faɗi abin da zai sami ma'aikatar da ta ga alƙaluman ta kau da kai ba. Sannan bai taɓa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ba. A ƙarƙashinta, in gwamna ya soke haƙƙin mallaka don amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta gine-gine ce da shuke-shuke da sauran aikin da mutum ya zuba a filin. Kundin na iya nuna cewa fadamar na ciyar da ƙauyuka goma, amma mai ita kuɗin shukar da ke tsaye zai karɓa, masunci da makiyayi kuwa ko sunansu ba zai fito a jerin ba. Wannan giɓi yana nan yadda yake.

Inda alƙaluman za su iya cizo a yanzu shi ne ƙarƙashin dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda aka fi sani da EIA. Ta wajabta cikakken nazari kafin a gina madatsar da ruwanta zai rufe hekta 200 ko fiye, ko aikin noman rani mai hekta 5,000, ko busar da dausayi mai hekta 100. Wanda ya karya ta, in mutum ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar. In kamfani ne, daga naira 50,000 zuwa miliyan ɗaya, kuɗin da a yau bai kai na tayoyin tifa guda ba. Ana baje rahoton na kwana 21 na aiki don jama'a su duba, yawanci a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa, kuma ana karɓar ƙorafi a rubuce. Ƙungiyar masunta ko ta manoman fadama da ke ƙasan kogi na iya duba ko rahoton ya ƙirga kifinsu da rijiyoyinsu da burtalinsu, a wane wata aka yi ƙirgar, shekaru nawa aka ɗauka, da kason da aka zaftare amfanin gaba da shi. Madatsar Kafin Zaki ta jihar Bauci, wadda aka daɗe ana tayar da maganarta ana ajiyewa, tana kan ruwan da ke ciyar da kogin Jama'are, shi ne kuwa babban reshen da ya rage ba a tare ba cikin masu shayar da dausayin.